Ranar da Na Karanta Ban Gane Ba

Ranar wata Laraba ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji shida na firamare, ruwa yana ta zuba tun hantsi kamar ba zai ɗauke ba. Ina tsaye a tsakiyar ɗakin Inna, a gidanmu na haya da ke Unguwar Shanu a Kaduna, riƙe da wata takarda mai launin ruwan ƙwai, ina karanta ta da ƙarfi don muryata ta danne ƙarar kwanon rufi. Ƙanena Nasiru, wanda bai cika shekara ba, yana kwance a cinyar Inna. Tun jiya gudawa da amai suka sa shi gaba. Idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta loɓa, ya daina kama nono, in ya buɗe baki zai yi kuka sai dai ka ga bakin, babu murya babu hawaye. A gaban Inna akwai kwanon sha da tafasasshen ruwa, da ƙullin gishiri, da kwalin suga, da cokula manya da ƙanana waɗanda maƙwabciyarmu Maman Yohanna ta kwaso ta zube a kan tabarma. Takardar hannuna ita ce ke bayanin yadda ake haɗa wa yaro mai gudawa ruwan gishiri da suga, kuma mahaifina ne ya rubuta ta. Na karanta ta tun daga sama har ƙasa, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Da na kai aya ta ƙarshe Inna ta ɗago ta dube ni. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, sai ta ce, "To ke, nawa zan zuba?" Na sake duban takardar. Ban sani ba.

Baba ma'aikacin gwamnati ne, amma ba babba ba. Yana aiki a wani ofishi mai buga takardun wayar da kan jama'a game da lafiya, a ba shi abin da likitoci suka rubuta da Turanci, ya mayar da shi Hausa. Yana da wata dabara tasa ta auna ko rubutunsa zai karantu, wadda ban taɓa jin wani ya koya masa ba. Bayan la'asar sai ya jingine kekensa, ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya ajiye gwangwanin madara a gefen ƙafarsa, ya dumbuzo masara daga buhun Inna. Sai ya kira yaro ya miƙa masa abin da ya rubuta ya ce ya karanta a bayyane. Duk inda yaron ya yi tuntuɓe, ko ya koma baya, ko numfashinsa ya ƙare bai kai aya ba, sai Baba ya jefa ƙwayar masara ɗaya cikin gwangwanin, ka ji ƙwal, ya kuma ɗiga jan biro a wurin. In an gama ya juye masarar a tafin hannunsa ya duba. In ta yi yawa, sai ya zauna ya sake rubutun, ya gutsuttsura dogayen jimloli, ya cire kalmar da ta tsaya wa yaron a wuya. Kullum kafin a fara yakan ce, "Kada ka ji tsoro, ba kai nake aunawa ba, takardar nake aunawa."

Mu biyu ne masu karanta masa, ni da Yohanna. Iyayensa mutanen kudancin Kaduna ne, babansa kafinta, ɗakinsu yana kallon namu. Turmi ɗaya Inna da mamarsa suke daka a ciki, igiyar shanya ɗaya, famfo ɗaya da ba ya kawo ruwa sai da asuba, mu fito da magagin barci mu jera bokitai muna rigimar wanda ya riga wani. Bayan gida akwai ɗan fili da ya gangara zuwa rafi, inda iyayenmu mata suka shuka masara da kuɓewa da yakuwa, ba tare da an taɓa shata iyaka ba, kuma aikinmu ne ni da Yohanna mu kori awakin unguwa daga ciki. In awakin suka ba mu lafiya, ni da ƙawayena mu zauna carafke da duwatsun da muka tsinto a bakin rafi, ko mu zana 'yar gala-gala a jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi kuma ya kora tayar keke da sanda ko ya ƙera mota da karan masara. A wajen ƙira babu yaron da ya kamo shi. A wajen karatu kuwa sai a hankali. Sa'ana ne amma yana aji ɗaya a bayana, yana bin layi da ɗan yatsa, leɓunansa suna motsi kafin kalma ta fito. In yana karanta wa Baba, gwangwanin nan ba ya hutawa. Ga shi kuma ba ya wuce abin da bai sani ba. Sai ya tsaya cak ya ɗago kai ya ce, "Baba, mene ne sinadari?" Baba ya yi dariya, ya ce, "Madalla da kai," ya soke kalmar.

Wannan madallar ce ta tsaya mini a rai. Ni da nake zuwa ta ɗaya a karatu, wadda malaminmu yake tsayarwa a gaban aji in baƙi sun zo, in na gama sai Baba ya ce to, ya karɓi takardarsa. Yohanna kuwa sai su ɓata lokaci har kiran magariba, kai da kai, suna gardamar kalma ɗaya. Ban fahimci cewa tuntuɓen nan shi ne abin da Baba yake nema ba. Na ɗauka mai cika gwangwani shi ya faɗi, amma shi ake yabo. Sai na raɗa masa suna, Ƙwal-ƙwal, saboda ƙarar masarar. Na fara a gida, a bakin famfo, daga nan na kai sunan makaranta. A lokacin tara, gindin mangwaron da masu gyaɗa da alewa suke zama, na kwaikwayi yadda yake bin layi da yatsa, yara suka yi ta dariya har da masu faɗuwa ƙasa. Kafin mako ya zagayo, in ya gifta sai ka ji ana jefa tsakuwa cikin gwangwani a bayansa. Bai kai ƙarata ba, bai rama ba. Daina zuwa gindin darbejiya kawai ya yi. Da ya ji ƙarar keken Baba sai ya sulale cikin masara. Baba ya tambaye ni, na ce ƙwallo ta ɗauke masa hankali. Baba ya girgiza kai ya miƙo mini takarda.

Daga nan ni kaɗai ce ma'auninsa, kuma ma'aunin ya riga ya lalace ba wanda ya lura. Na yi shekara da shekaru ina karanta rubutun mutum ɗaya, na san tafiyar jimlarsa kamar yadda na san hanyar makaranta. Kalmomi irin su gwargwado da la'akari da alhali sun zama mini kamar tuwon gida, bakina yana furta su sumul, ko da kaina bai san abin da ke cikinsu ba. Na kuma koyi satar numfashi a tsakiyar jimla ta yadda ba za a ji ba. Masarar gwangwani ta yi ta raguwa. A daidai lokacin ne kuma aka matsa wa Baba a ofis. Mun sha jin yana gaya wa Inna cewa sabon shugabansu ya ce Hausarsa ta yi kama da ta yara, likitoci kuma sun ce kada ya yar da ko kalma ɗaya daga abin da suka rubuta. Ya fara barin jimlolin da tsayinsu, yana kawo mini, ni kuma ina haɗiye su. Ranar da ya kawo ta ruwan gishiri da suga na karanta ta kamar mai karanta labarai a rediyo. Ya ɗaga gwangwanin ya kaɗa shi saitin ƙofar Inna ya ce, "Kin ji? Shiru kake ji." Na yi ta fara'a har kunne. Bai tambaye ni me na gane ba, ni ma ban tambayi kaina ba. Aka buga ta, ya kawo guda ɗaya gida Inna ta soke a jikin madubi, ranar Litinin kuma ya bi motar ofis zuwa ƙauyuka don raba sauran. Ranar Talata Nasiru ya fara gudawa, kowa ya ce haƙori ne.

Shi ya sa ranar Laraba nake tsaye da takardar, ruwa yana dukan rufi, Inna tana jiran amsa. Har yau ina iya kawo jimlar da ka, domin ta ƙi barina. Cewa ta yi: "Idan aka lura da alamun ƙarancin ruwa a jikin yaro, ana shawartar uwa ko mai kula da shi da ta tanadi tsabtataccen ruwa wanda adadinsa zai yi daidai da ma'aunin lita da aka ambata a sama, ta kuma narkar da sinadaran biyu a cikinsa bisa gwargwadon giram ɗin da aka ƙayyade wa kowannensu, tare da la'akari da cewa wuce ƙima wajen gishiri na iya jefa rayuwar yaron cikin haɗari." Lambobin suna can sama cikin wani sakin layi, a cakuɗe da bayanin ƙwayoyin cuta. Na nemo su na faɗa. Amma a gidanmu babu abin da ake aunawa da lita ko giram. Da mudu muke awo, da gwangwani, da kwalba, da tafin hannu. Duk cikin takardar abu ɗaya ne ya shiga kunnen Inna sarai, cewa in gishiri ya yi yawa yaron zai iya mutuwa. Ta ɗebi gishiri a ƙaramin cokali, ta kai bakin kwanon, ta dawo da shi. Ta ɗauki wani cokalin, ta ajiye. Maman Yohanna ta ce, "Maman Nasiru, mu zuba kaɗan da sunan Allah, yaron nan yana bushewa a gabanmu." Inna ta ce, "In na kashe shi da hannuna fa? Me zan ce wa Malam?" Ta juyo kaina. "Sake karantawa, a hankali." Na sake, a hankali, daɗin muryar yana nan, ma'anar babu.

Maman Yohanna ta leƙa waje ta ƙwala wa ɗanta kira, ta ce ya zo ya gwada ko shi zai gano. Ya shigo a jiƙe, bai dube ni ba. Ya karɓi takardar ya ɗora yatsa, ya fara tafiya kalma bayan kalma, ni kuma ina jin kamar in fizge don sauri. Bai yi nisa ba ya tsaya. Ya ce, "Mama, mene ne lita?" Ya matsa gaba kaɗan ya sake tsayawa. "Da wane cokalin za a auna?" Tambayoyin da ya kamata a yi a gindin darbejiya tun takardar tana rubutun biro, ga su ana yin su a kan ƙanena, mai amsawa kuma yana can wani ƙauyen da ba mu ma san sunansa ba.

Inna ta ce in ruga wurin mai kemis na bakin titi in tambayo shi. Na fita ba mayafi. Kwatocin unguwa sun cika sun haɗe da hanya, ba ka sanin inda rami yake sai ka faɗa. Silifas ɗina ɗaya ya tafi da ruwa, na yar da ɗayan. Shagon a rufe yake da kwaɗo. Na buga har hannuna ya yi zafi. Na wuce gidan wani malamin makarantarmu, matarsa ta ce bai dawo ba, ita kuma da ta duba takardar sai ta ce lita dai da ita ake sayen kananzir, amma ba ta san ko kwalba nawa ce ta ruwan sha ba. Na tsaya a tsakiyar hanya ina juyawa, ina kuka, ruwan sama yana wanke hawayen, ina tambayar duk wanda ya gifta da lema. Wani ya ce kwalba ɗaya, wani ya ce biyu, wani ya ce in koma gida kada sanyi ya kama ni. Da na dawo Nasiru ya daina buɗe baki ma. Inna tana ɗiga masa ruwan zalla da yatsa, yana gangarowa ta gefen leɓensa.

Babu magidanci ko ɗaya a gidan, duk suna wurin aiki, kuma babu tasin da zai shigo wannan taɓo. Inna ta miƙe za ta goya Nasiru. Maman Yohanna ta riga ta, ta karɓe shi ta goya a bayanta, ta ɗaure da zanenta, Yohanna ya yaye ledar da babansa yake rufe katako da ita ya lulluɓa musu. Muka fita a jere, ita a gaba, Inna tana riƙe da gefen ledar tana salati, Maman Yohanna tana tata addu'ar a hankali, ni da Yohanna a baya. Kowane ɗan taku sai Inna ta cusa hannu ƙarƙashin ledar ta taɓa ƙirjinsa. A bakin titi motoci suka yi ta wucewa suna watsa mana ruwa, har Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya a waje ba, ta shiga tsakiyar titi ta ɗaga hannu biyu. Wani mai a-kori-kura da ya ɗauko itace ya tsaya, ya ce, "Hajiya, so kike in shiga uku? Ku hau, ku hau."

A asibiti nas ta nemi jijiya a hannunsa ta rasa, ta nema a ƙafa ta rasa, sai da aka aske gefen kansa aka sa masa ƙarin ruwa ta nan. Ta tambaya me aka ba shi tun safe. Inna ta sunkuyar da kai. Ni ina kan benci a baranda, sai a lokacin na lura takardar tana cikin tafin hannuna, ta jiƙe ta dunƙule kamar ƙullun koko. Na yi wa Allah alkawura iri-iri a zuciyata, na ce zan daina tsokana, zan daina satar ƙanzo, zan riƙa goyon Nasiru ba sai an sa ni ba. Amma duk addu'ar da na ɗauko sai jimlar nan ta kutso cikinta, ana shawartar uwa ko mai kula da shi, tana ta zagaye a kaina ba tuntuɓe. Wani direban ofis ya kai wa Baba saƙo, ya iso washegari, wandonsa duk laka. Ya shiga ya daɗe, sannan ya fito ya tsaya a kaina. Ya ce, "Saude, kin karanta musu?" Na ce na karanta. Ya ce, "To me ya hana?" Na ce, "Ba mu gane ba, Baba. Ni ma ban gane ba." Bai daka mini tsawa ba. Zamewa ya yi ya zauna a ƙasan barandar, babban mutum da hularsa, ya ce, ba da ni yake ba, "Na baro ta a hannun matan da ba su da asibiti kusa."

Nasiru ya yi kwanaki tsakanin tafiya da dawowa. Abin da ya fara nuna mana ya juyo shi ne fitsari. Wata safiya Inna ta ɗaga zanen da yake kwance a kai ta ji shi a jiƙe, ta riƙe shi sama tana nuna wa Maman Yohanna, su biyun suna kuka suna dariya a tsakiyar ɗakin marasa lafiya. Da rana ya yi kuka mai hawaye, ya kama nono. Yanzu magidanci ne da furfura a gemu, ba ya tuna komai, in na ba shi labarin sai ya ce, "Yaya, ai kin faɗa mini."

Da muka dawo gida Baba da kansa ya je ƙofar su Yohanna ya yi sallama ya roƙe shi ya dawo. Amma aikin ya sake. Yanzu sai ya jera kwalbar lemo da cokula da gishiri da suga a kan tabarma, ya tara matan gidan da na maƙwabta, ya ba Yohanna takarda ya karanta musu, shi kuma ya koma gefe ya harɗe hannuwa a baya. Abin da yake faɗa kawai shi ne, "Ku yi abin da ta ce." Duk inda hannun wata ya tsaya a sama, ko biyu suka ɗauki cokali daban-daban, sai ya ɗiga jan biro. Ya yi ta yankewa yana sakewa har takardar ta koma 'yan layuka gajeru, kowane layi aiki ɗaya. Lita ta koma awo da kwalbar lemo. Ya zana cokalin daidai girmansa, yadda uwa za ta ɗora nata a kai ta gwada. Ya sha fama kafin ofis ya yarda a sake bugawa, kuma ban san ko nawa daga cikin na farkon aka iya karɓowa ba. Wannan tunanin ya bi Baba har tsufansa. Ni dai ba a sake kirana ba. Ina daga ƙofar ɗaki ina tsince shinkafa, ina jin Yohanna yana tsayawa yana tambaya, kuma kunya ta hana ni tashi in je in ce masa ya yafe ni. Sunan da na raɗa masa kuwa ya bi shi har ya bar makarantar.

Karatuna bai yi nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya, na kama ɗinki, yanzu ina Rigasa da jikoki. Su Yohanna sun koma tsallaken kogi a shekarun rikicin da garin nan ya rabu, kowa ya nemi inda nasa suke, kuma tun daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba. Yau ana sayar da haɗin gishiri da sugan a ƙulle a kowane kemis, amma rubutu ya fi na da yawa nesa ba kusa ba. Yana shigowa ta waya dare da rana, yana zuwa cikin kwalin magani da ƙananan baƙaƙe, yana zuwa daga makarantar yara, kuma in ka duba sai ka san babu wanda ya zaunar da kowa ya ce karanta mini in ji. Gidajen ma kowa da katangarsa, babu ɗan maƙwabcin da za ka kira. Ina zuwa ajin manyan mata na unguwarmu ranar Asabar, in wata ta tsaya a tsakiyar layi ta ce ba ta gane ba, 'yan baya suka fara ƙunshe dariya, ni ce nake juyawa in ce su bar ta, ita ce take yi mana karatun duka. Gudu na iya tun ina ƙarama. Tsayawa ce na koya a makare.